Ruwan Baba Hananiya

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na san na kwana biyu ban leƙo ba, kuma na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko lalle ake yi mini shi ya hana ni riƙe waya. Ba lalle ba ne, 'yar uwa. Yau zan faɗa muku abin da ya riƙe ni, ban kuma san da wane ido za ku kalle ni ba idan na gama.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Ummulkhairi, a gida Khairi ake ce mini. Mahaifina Malam Hambali manomin rani ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Kwamfuta na karanta a Kano, na gama hidimar ƙasa bara, na dawo gida ina jiran aiki. Wanda nake so sunansa Mudassiru, ɗan Dawakin Kudu ne, kuma a makon da nake ba ku labarinsa, ranar Lahadi manyansa za su zo sa rana.

Ruwa a sashenmu layi ake bi. Ƙaramin kanal ɗaya ke shayar da gonaki arba'in da biyu, kowa da ranarsa. Da a takarda ake rubutawa a manna a bangon ofishin ƙungiyar manoma, kullum cikin rigima, wannan ya ce an goge, wancan ya ce an yaga. Bana sai ƙungiya ta ɗauko wani ƙaramin kamfani daga birni ya yi mata manhaja. Kowane manomi zai ga ranarsa a waya, shi ma mai buɗe ƙofar ruwa abin da manhajar ta nuna masa shi yake bi. Mudassiru shi ne ma'aikacin da kamfanin ya turo mana. A wurin koya wa dattawa yadda ake taɓa waya muka haɗu, ni ina fassara, shi yana bayani, har aka kai inda aka kai.

Ranar Laraba da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe fulawa, Umma da Gwaggo Saliha, ƙanwar Baba, suna lissafin abin da za a tari baƙi da shi. Gwaggo ta dage sai an yi alkaki, Umma ta ce dubulan da cincin sun isa. Sai ga sallamar Bernice.

Bernice ƙawata ce tun firamare. Mahaifinta Baba Hananiya ya zo garinmu daga kudancin Kaduna tun ba a haife ni ba, gonarsa ce a can ƙarshen kanal. Ranar Kirsimeti shinkafarsu muke ci, ranar Sallah tuwonmu suke ci. Ta durƙusa ta gaida su Umma, amma ko murmushin nan nata babu. Ta ja ni ɗaki.

"Khairi, ranar Asabar za a zauna a kan Baba."

"A kan me?"

"Ya fasa kwaɗon ƙofar ruwa shekaranjiya. Ya shayar da tumatirinsa a ranar da ba tasa ba."

Na dafe ƙirji. A dokar ƙungiya, wanda ya taɓa ƙofa ba ranarsa ba, an rufe masa ruwa ke nan har ƙarshen rani.

Ta ce, "Ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Amma sau uku yana duba waya ya ga Talata, ya shirya, gari na wayewa ya ga ta koma Alhamis. Tumatirin na cikin fure, rabi ya kakkaɓe. Da ya faɗa, sai aka ce tsufa ne, wai bai iya karanta waya ba. Mutumin da ke karanta Littafi Mai Tsarki a coci duk Lahadi!"

Ta ce ta je wurin shugaban ƙungiya, ya ce idan akwai mai ilimin da zai duba manhajar ya kawo shaida kafin Asabar, za su saurara, ya kuma ambaci sunana da kansa.

Ban ko yi shawara da zuciyata ba na ce ta kawo wayar Baba Hananiya gobe. A raina na ɗauka wata 'yar tangarɗa ce a manhajar. Har daɗi na ji, na ce zan gano ta in kai wa Mudassiru, ya san matar da zai aura ba ta je makaranta a banza ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, saura kwana huɗu. Kawu ya sa an wanke masa babbar riga tun yau."

Na tura masa hoton atamfar da zan sa, ruwan ganye mai zanen zinare, da mayafin da Gwaggo ta sayo mini a kasuwar Kwari. Ban ce masa komai game da Baba Hananiya ba. So nake in ba shi mamaki.

Ranar Alhamis bayan azahar Bernice ta zo da wayar, duk gefenta ya sha salatif. Babu wuta, amma na cika laftof ɗina da solar maƙwabta tun safe. Muka zauna a kan leda a ɗakina, ƙamshin man gyaɗa na shigowa ta taga, su Umma sun ɗora kasko.

Bari in yi muku bayanin abin da na yi, don ku gane cewa ba tsafi ba ne, ba kuma kutse ba. Duk lokacin da kuka taɓa wani abu a manhaja, wayarku saƙo take aikawa can wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ita kuma ta maido amsa. To ba duka amsar manhaja ke nuna muku ba, abin da masu ita suka zaɓa kawai take fitarwa a fuskar waya. Akwai wani kayan aiki da muka koya a makaranta, furoksi ake ce masa. Kana sa laftof ɗinka a tsakanin wayar da sabar, duk saƙon da zai fita da wanda zai shigo sai ya bi ta gabanka, ka buɗe ka karanta. Masu gyaran manhaja da shi suke gano inda matsala take.

Na kunna data a wayata, na haɗa laftof da wayar Baba Hananiya a kanta. Na shiga saitin wayarsa na rubuta adireshin laftof ɗina da lambar da furoksin ke saurare, takwas guda huɗu a jere. Nan take layuka suka fara zubowa a allo, amma duk a kulle, kowanne da hoton kwaɗo.

"Ya ƙi?" in ji Bernice.

"Saura satifiket. Sai wayar ta yarda da laftof ɗina kafin saƙonnin su buɗu. Muna gamawa zan cire shi, kada ki damu."

Na sa shi, na sake gwadawa. Sau biyu yana ƙi, sai a na uku na tuna ban kunna amincewar ba. Ina kunnawa kwaɗunan suka ɓace. Na tace jerin, na bar saƙonnin manhajar ruwa kawai, sannan na miƙa mata wayar.

"Danna inda aka rubuta ranar ruwana."

Ta danna. A fuskar waya layi ɗaya ya fito: gona ta talatin da takwas, Alhamis. A laftof kuwa sabon layi ya bayyana, na buɗe amsar da sabar ta aiko. Doguwa ce. A sama ga lambar gona da ranar, daidai da abin da waya ta nuna. Amma a ƙasa akwai wani sashe da manhajar ba ta taɓa nuna wa kowa ba, tarihin duk canjin da aka yi wa ranar. Da Turanci yake, ga ma'anarsa: tsohuwar rana Talata, sabuwar rana Alhamis, an yi musaya da gona ta sha ɗaya. Sau uku, cikin mako biyar.

"Kin gani!" Bernice ta riƙe hannuna. "Baba bai yi ƙarya ba! Khairi, bai yi ƙarya ba!"

Ni kuwa idona ya riga ya sauka layi na gaba, inda aka rubuta sunan wanda ya yi canjin. Sunan Mudassiru ne, a duka ukun.

Jama'a, kun san yadda zuciya take. Kafin in gama karantawa ta kawo mini uzuri goma. Ta ce wani ne ya shiga da sunansa. Ta ce ƙila kamfanin da sunansa yake yin komai. Sai na duba lokacin canji na biyu: Lahadi, ƙarfe biyar saura minti takwas na yamma. Na san inda yake a wannan lokacin. A zaurenmu yake, a kan darduma, ina zuba masa zoɓo. Ya ciro waya ya ce, "Yi haƙuri, bari in ƙarasa wani ɗan aiki," ya yi 'yan danne-danne, ya ajiye, ya ci gaba da tambayata kalar fentin da nake so a ɗaki.

Bernice ta daina murna. Ta ga sunan, ta kuma ga fuskata. A hankali ta ce, "Sha ɗaya gonar wa ce?"

Da na ce ban sani ba, da ta yarda, don ba kowa ya riƙe lambobin nan ba. Na ji ƙaryar ta zo har bakina.

"Tamu ce," na ce.

Babana bai yi boko ba. Duk ranar ruwansa ni nake karanta masa. Ni da bakina na ce masa, "Baba, an dawo da kai Talata," har sau uku, yana cewa alhamdu lillahi, yana saɓa fartanya. Ban taɓa tambayar kaina daga hannun wa Talatar ta fito ba.

Na adana duk abin da furoksin ya kama a fayil, na cire satifiket ɗin, na maida saitin wayar yadda yake. Bernice ta karɓa ta sa a jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo.

"Ba zan ce miki ki yi kaza ba. Na san Lahadi ce ranarki. Amma Asabar ta riga ta zuwa."

Ta fita. Na ji Gwaggo na ce mata ta tsaya ta ɗanɗana cincin, ta ce ta gode, sauri take yi.

Na ɗauki waya na rubuta masa: "Gobe bayan masallaci ka zo. Magana ce."

Ya maido: "Lafiya dai? Ko an fasa ba ni ne?" da hoton fuska mai dariya. Ban amsa ba.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe uku ya yi sallama. Farar shadda ce a jikinsa, da hula zanna mai ruwan toka, ya ɗauko mini ledar dabino da kwakwa kamar kullum. Na fito da hijabin sallata, ko hoda ban shafa ba, laftof a hannu. Ban kawo ruwa ba. Ina zama na buɗe na juya masa allon.

Ya fi ni sanin abin da yake kallo. Bai tambaye ni mene ne ba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe ba mu rufe wannan sashen ba."

Wallahi wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

"Abin da za ka fara cewa ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni na yi, Khairi."

"Baba ne ya sa ka?"

"A'a! Ko kusa. Bai sani ba." Ya ɗago. "Kin tuna lokacin da ya kwanta zazzaɓi, dashen albasarsa ya makara? Na raka shi gona bayan ya tashi. Ya tsuguna yana taɓa ganyen, duk ya kwanta. Na ga idonsa. Na ce kwana biyu ne kawai, wa zai cutu da kwana biyu? Na duba wanda ke da Talata na musanya."

"Ka je ka ga gonar mai Talatar?"

Ya kawar da kai.

"Sau uku, Mudassiru. Na farko ka ce tausayi. Na biyu da na uku fa?"

"Na ga albasar ta farfaɗo. Na ga yadda Baba ke fara'a idan na zo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ba ni da mota, ba ni da gidan kaina. Yayyenki kowa da abin da yake yi masa. Wannan ne kaɗai abin da ke hannuna."

"Ba a hannunka yake ba. Amana aka ba ka."

Ya matso kaɗan. "Ki saurare ni. Yau ɗin nan zan maida masa Talatarsa, in ƙara masa wata ranar ma. Zan ce wa shugaba tangarɗar na'ura ce, a yafe masa kwaɗon. Kowa ya huta. Idan sunana ya fito, aikina ya tafi, kuma babu wanda zai yarda cewa Baba bai sani ba. Za a ce suruki ya sato wa surukinsa ruwa. Ki bari mu wuce Lahadi, don Allah."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni. Ina son mutumin nan. Ina kallonsa, ina jin kamar in ce shi ke nan, ya wuce. Amma sai na tuna an ce wa Baba Hananiya tsufa ne, a gaban mutane, ya koma gida yana duba wayarsa yana shakkar idonsa.

Na ce, "Ban yi maka alkawarin komai ba. Ka tafi."

Ya miƙe, ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya sa takalmi ya fita. Ledar dabinon na nan inda ya ajiye.

Ina ɗaga labulen zaure na ga Umma tsaye, matsamin suya a hannunta. Ta ji komai. Ta ja ni bayan rumbu inda Gwaggo ba za ta ji ba.

"Ke yanzu me kike shirin yi?"

"Zan gaya wa Baba."

"Ba ki da hankali? An gaya wa dangi, an aika Kumbotso, an aika Dawaki. Yaron nan ya ce zai gyara. Ba sata ya yi ya kai gidansu ba, mahaifinki ya yi wa."

"Umma, shi ya sa."

"Ummulkhairi." Idan ta kira cikakken sunana, to magana ta kai. Idonta ya kawo ruwa. "Shekara nawa ana ce mini na bar ki kin yi zurfi a boko, babu mai ɗaukar ki? Yanzu Allah ya kawo na kirki, da hannunki za ki kore shi? Ki yi shiru kwana biyu kawai. Ni mahaifiyarki na roƙe ki."

Ban taɓa jin Umma ta ce ta roƙe ni ba. Na fashe da kuka, ita ma tana yi. Na ce, "Ki yafe mini, Umma." Na zame hannuna daga nata.

Baba na ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida bayan la'asar, yana ɗaure bakin tiyon ban ruwa da roba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa tun daga zuwan Bernice. Ban rage komai ba, har da cewa ni na karanta masa ranakun. Na buɗe laftof na nuna masa, ko da yake na san ba zai iya karantawa ba. Ya sa yatsa a kan allon.

"Ina lambata a nan?"

Na nuna masa sha ɗaya.

"Ta Hananiya fa?"

Na nuna masa.

Ya ajiye tiyon. Kaskon Gwaggo ya fara ƙauri, babu wanda ya kula.

"Shekarar da aka haife ki," ya ce, "ambaliya ta cinye mini shinkafa. Hananiya ne ya raba irinsa biyu ya ba ni rabi." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Ranar Litinin da aka kama shi a bakin ƙofa, ina cikin waɗanda suka ce a bi doka. Ashe ruwansa ne a cikin albasata."

Umma ta matso. "Malam, a bari a wuce jibi mana, sai a san yadda..."

"Jibi tana hannun Allah." Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Khairi, ɗauko na'urarki. Ba zan bari ya ji wannan a bakin taro ba. A gidansa zai ji, daga bakina."

Muka fita, yana gaba ina biye. Muka bi gefen kanal, ruwa na gudu a hankali, mata na ta yanka tumatir suna shanyawa a kan duwatsu, ana gaishe shi yana amsawa da hannu kawai. Muka wuce albasarmu, kore shar. Baba bai ko waiwaye ta ba. Da muka kai ƙarshen kanal ya tsaya a bakin gona ta talatin da takwas. Ganyen ya naɗe, furen ya zube a cikin kunya, 'ya'yan da suka kama ba su fi ƙwallon goruba ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza, sannan ya miƙe muka ci gaba.

Gidan Baba Hananiya na bayan injin casar shinkafa. Muna shan kwana na ja na tsaya, har laftof ya kusa suɓuce mini.

Mudassiru ne zaune a ƙasa a ƙofar gidan, farar shaddarsa duk ta yi jar ƙasa, hularsa a hannu. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ban san ko gaskiya ya zo faɗa ba, ko ya zo ya riga mu ne da maganar tangarɗar na'ura. Ya ga Baba, ya yi yunƙurin tashi, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ka shiga?" in ji Baba.

"Na kasa, Baba."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya ɗaga murya ya yi sallama. Daga ciki muka ji takun Baba Hananiya yana tahowa, yana cewa, "Hambali ne? Yau kai ne a gidana? Bernice, kawo tabarma."

Baba ya matsa gefe, ya bar wa Mudassiru bakin ƙofar.

"Kai za ka fara magana," ya ce.